Tsuntsu Ba Ya Jiran Fenti Ya Bushe

Ranar da na fara ɗaukar fentin mai zuwa bakin fadama, cikin hunturu ne, kuma balbela na tafi zanawa. Na zaɓe ta ne don a ganina ta fi kowane tsuntsu sauƙi: fara ce sol, ba ta gudun mutane, duk inda shanu suka sa ƙafa tana biye. Na kafa ƙyallena a gindin wani gawo, na matso farin fenti a kan allo, na ɗaga kai in auna tsawon wuyanta. Kafin in sauke ido ta noƙe wuyan. Na sake aunawa, ta miƙe shi. A karo na uku saniyar da take bi ta juya, ita ma ta bi bayanta. Wani dattijo mai kiwo da ya jima yana kallona ya matso ya leƙa, ya ce, "Malam, wannan kaza ce ko agwagwa?" Na ce, "Baba, balbela ce." Ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Kafin la'asar iska ta taso, ƙura ta bi ɗanyen fentin ta manne, farar balbelata ta koma ruwan ƙasa. Kwana biyar zanen yana jingine a ɗaki bai bushe ba.

A wannan ranar na ci karo da matsalar da ta girme ni da ɗaruruwan shekaru. Fentin mai garin launi ne da aka kwaɓa da mai, galibi man 'ya'yan shukar nan da ake saƙa yadin lilin da zarenta. Ba ya bushewa irin ta ruwa, wato ya bi iska ya tafi. Iskar yake sha a hankali har ya daskare, shi ya sa yakan ɗauki kwanaki, mai kauri ma makonni, kuma sai an yi wata shida ko fiye kafin a shafa masa man ƙyalli na ƙarshe. Shi kuwa tsuntsu ko numfashi biyu ba ya yi a tsayuwa ɗaya. Shekara kusan 600 ke nan masu zane suna neman yadda za su sasanta waɗannan biyun, kuma a mafi yawan shekarun tsuntsun ne ya biya kuɗin sulhun da ransa.

Zana tsuntsu dai ya girmi fentin mai nesa ba kusa ba. A wani kabari a Meidum ta ƙasar Masar an zana dinyoyi shida a bango kimanin shekara 4,600 da suka wuce, suna nan a gidan tarihi na Alƙahira. Shi ma kwaɓa launi da mai ba Turawa suka fara ba, don binciken da aka fitar a 2008 ya nuna an yi haka a kogwannin Bamiyan na Afganistan tun wajen ƙarni na 7. Amma wanda ya nuna wa Turai iyakar abin da wannan fenti zai iya shi ne Jan van Eyck, mutumin yankin da yau ake kira Beljiyam, wanda ya rasu a 1441. Dabararsa ita ce shimfiɗa launi siriri-siriri, wani bisa wani, kowanne ana hango na ƙarƙashinsa. Haske ya ratsa ya taɓa farin da ke can ƙasa ya dawo, sai ka ga launin kamar daga ciki yake tasowa. Haka gashin tsuntsu yake kwance, wani bisa wani, don haka fentin mai ya dace da shi kamar don shi aka yi. A wani zanensa na 1436 da ke birnin Bruges, akwai ɗan koren aku mai doguwar wutsiya, dangin tsiryar nan tamu, a hannun jariri. Wajen 1506 Raphael na Italiya ya sa wani ɗan tsuntsu mai jar fuska a hannun yara a wani zanen addini. A wancan zamani tsuntsu galibi alama ce ta wata ma'ana ta addinin Kirista, ba don kansa ake zana shi ba, kuma sau da yawa a damƙe yake a hannun wani.

Wanda ya fara kallon gashin tsuntsu don gashin, a iya sanina na tsofaffin zane-zane, Albrecht Dürer ne na Jamus. Akwai zanensa mai ɗauke da shekarar 1512 a birnin Viyana, fiffike ɗaya tal na wani tsuntsu ɗan'uwan tsanwaka, irin wanda ke barin Turai ya zo Afirka idan sanyi ya matsa. Shuɗi, kore, ruwan ƙasa, kowane gashi a gurbinsa. Abu biyu ne abin lura. Da fentin ruwa ya yi shi, kuma fiffiken yankakke ne, an raba shi da mai shi.

Sai ƙarni na 17 a ƙasar Holan, inda ya kamata mu ɗan zauna. Fatauci ya kawo kuɗi, jiragen ruwansu suna zuwa har gabar Afirka ta Yamma da tsibiran Indonesiya, attajirai suna neman abin ratayawa a bangon falo. Farauta kuwa a lokacin haƙƙin masu sarauta ce, doka ba ta bar kowa ya yi ba. To attajirin da bai isa ya harbi tsuntsu ba ya isa ya sayi hoton wanda aka harba. Nan kasuwar zanen matattun tsuntsaye ta buɗe: fakara a rataye da ƙafa ɗaya, agwagwa kanta na lilo a gefen tebur, bindiga da jakar mafarauci a gefe. Ga mai zane wannan ganima ce, don matacce ba ya motsi, sai dai ka yi sauri kafin ya fara wari. Frans Snyders na Antwerp da Jan Weenix na Amsterdam sun ci abinci da wannan. Har Rembrandt, babban mai zanen Holan, wajen 1639, ya zana ɗawisu biyu matattu, ɗaya a rataye, ɗaya a kwance jini na malala daga gare shi, wata yarinya ta jingina a taga tana kallo. Ban taɓa ganin wanda ya fitar da laushin gashin ƙirjin tsuntsu kamar mutanen nan ba. Amma duk gwanintar a kan gawa aka koye ta.

Mai rai kuwa sai a gidan sarki. Melchior d'Hondecoeter, wanda ya rayu daga 1636 zuwa 1695, kusan tsuntsaye kaɗai ya zana duk rayuwarsa, kuma ya yi wa William na Uku, mai mulkin Holan, aiki, mai gidajen da ake tara baƙin tsuntsaye. A shahararren zanensa na wajen 1680 da ke babban gidan tarihi na Amsterdam, kwasakwasa ce a gaba a bakin wani tafki, agwagi iri-iri kewaye da ita, wani ɗan gashi guda yana yawo a kan ruwa, shi ne ma ya ba zanen sunan da aka fi saninsa da shi. Idan ka duba can tsallaken tafkin sai ka ga ɗan gida: gauraka, da tukkunsa na zinariya, yana tsaye kusa da wasu manyan tsuntsaye na nahiyoyin da bai taɓa jin labarinsu ba. Babu tafkin da Allah ya tara waɗannan a duniya. Taron dukiya ne, ana nuna wa baƙo iyakar inda jiragen mai gida suka kai.

Wannan nisa tsakanin mai zane da inda tsuntsu yake rayuwa ya taɓa yi wa wani tsuntsu ƙazafin da har yau bai gama wankuwa ba. A tsibirin Morishus akwai wani ƙaton tsuntsu da ba ya tashi, dangin kurciya, Turawa suka sa masa suna dodo. Ba dodon tatsuniya ba ne, shi wannan ma rashin tsoron mutane ne ya kai shi ga halaka, don bayan 1662 ba a sake samun tabbataccen labarin ganinsa ba. Roelant Savery ya zana shi da fentin mai sau da yawa, kuma zanensa na wajen 1626, mai nuna shi jibgege kamar an hura, shi kowa ya yi ta kwafa har ya zama kamannin dodo a idon duniya. A daidai wannan zamani, a fadar Sarki Jahangir na Indiya, akwai Ustaz Mansur, gwanin zana tsuntsaye da fentin ruwa a takarda. Ɗan ƙaramin zanen dodo da ake jingina masa, wanda ke birnin Saint Petersburg, ya nuna tsuntsu mai daidaitaccen jiki, kuma masanan da suka auna ƙasusuwa daga baya sun fi gaskata shi. Kyan fenti bai hana zane yin ƙarya ba.

A cikin duk abin da Holan ta zana a ƙarnin, wanda na fi komawa gare shi ɗan ƙaramin allo ne, tsawonsa santimita 33 da rabi, faɗinsa bai kai 23 ba. Carel Fabritius, almajirin Rembrandt, ya yi shi a 1654. Ɗan tsuntsu ne mai jar fuska da ratsin rawaya a fiffike, girmansa kamar kanari, yana tsaye a kan mazubin abincinsa da aka kafe a farin bango. Mutanen Holan kan koya wa irin wannan tsuntsu jawo ruwan shansa da ɗan guga kamar murfin kwalba, har sunansa a harshensu daga nan ya samo asali. Mu da muke cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ga wanda aka mai da jan ruwa sana'arsa.

Matso kusa da allon ka ga abin mamaki. Babu gashi ko ɗaya da aka ƙirga. Kan tsuntsun 'yan shafe-shafe ne masu faɗi, ana ganin sawun buroshi ƙuru-ƙuru. Rawayar fiffiken da kauri aka ɗora ta bisa baƙi, sannan tun tana ɗanya ya juya buroshin ya karce ta da ƙotarsa, baƙin ƙasa ya leƙo. Ja da baya taku uku, sai duk wannan ya haɗe ya zama tsuntsu mai nauyi, mai inuwa a bango, wanda ya juyo yana dubanka kamar yanzu ka shigo. Fabritius ya gane abin da aka ɗauki shekara fiye da 200 kafin a sake ganewa, cewa ido ba ya ganin gashi a jikin tsuntsu mai rai, dunƙulen haske da inuwa yake gani. Sannan sai ka lura da siririyar sarƙa a ƙafarsa. Wannan ce ta sa ya tsaya aka zana shi.

A ranar 12 ga Oktoba na wannan shekarar ta 1654 rumbun albarushin birnin Delft, inda Fabritius yake zaune, ya fashe, ya rushe wani babban sashe na garin, ya kashe mutum fiye da ɗari. Fabritius na cikinsu, yana da shekara 32. Zanensa da suka rage ba su fi goma sha ba. Ɗan tsuntsun ya ɓace daga bakin mutane kusan shekara 200, sai a 1859 wani Bafaranshe mai sharhin zane ya gano shi, a 1896 kuma gidan tarihi na Mauritshuis da ke birnin Hague ya saye shi.

Ƙarni na 18 ba zan daɗe a kansa ba. Zane ɗaya ya isa: na Joseph Wright na Ingila, 1768, inda wani masani ya sa farin aku mai tukku cikin kwalbar gilashi yana zuƙe iskar ciki, iyali sun kewaye tebur a hasken fitila, wata yarinya ta rufe fuska. Kimiyya ta shigo, kuma ita abin da take so daban ne. Tana son a ƙirga gashin fiffike, a auna baki, a buga a littafi ɗari-ɗari. Fentin mai bai dace da wannan ba, ya cika jinkiri, ga shi ba ya shiga injin ɗab'i. Sai aikin ya koma hannun masu fentin ruwa da masu sassaƙa zane a faifan jan ƙarfe. Wani mai haɗa magunguna a garin Metz na Faransa, Bécoeur, ya haɗa wani sabulu mai guba da ke hana ƙwari cin fatar tsuntsu, daga nan gidajen tarihi suka cika da fatun da aka cusa wa auduga. Mai zane a Landan zai zana tsuntsun Afirka da bai taɓa jin kukansa ba, ya ɗora shi a kan busasshen reshe, ya ƙaga masa tsayuwa. Shi ya sa tsuntsayen tsofaffin littattafai duk suke tsaye ƙiƙam kamar sojan da ake duba wa kaki.

John James Audubon ya yi ƙoƙarin karya wannan. An haife shi a 1785 a ƙasar da yau ake kira Haiti, ya girma a Faransa, ya yi yawon dazuzzukan Amurka da bindiga. Dabararsa ita ce ya harbo tsuntsu, tun jikinsa da ɗumi ya soke shi da wayoyi a kan allo, ya lanƙwasa shi yadda ya gan shi yana yi a daji, ya zana kafin launin ido da na ƙafa su dushe. Littafinsa na tsuntsayen Amurka ya fito kashi-kashi daga 1827 zuwa 1838, shafi 435, kowane tsuntsu a ainihin girmansa, a takarda mai tsawon kusan mita guda. Masu dogon wuya dole ya sunkuyar da su don su shiga shafin. A Disamban 2010 an sayar da kwafi ɗaya a Landan fam miliyan 7.3. Sai dai duk wannan suna da fentin ruwa ya yi shi. Fentin mai a wurinsa abin neman kuɗin biyan maɗaba'a ne: yana Birtaniya yana zana hoto iri ɗaya yana maimaitawa yana sayarwa, har ya ɗauki wani saurayi ɗan Sukotland, Joseph Kidd, ya riƙa juya masa zanensa zuwa mai, aikin da bai kai ƙarshe ba. Kuma tunda waiwaye muke yi, a faɗi duka: mutumin ya mallaki bayi ya kuma sayar da su, shi ya sa a 'yan shekarun nan wasu ƙungiyoyin masu son tsuntsaye a Amurka suka cire sunansa daga nasu.

Abin da ya kwance sarƙar ƙafar tsuntsu ba wani babban tunani ba ne, kayan aiki ne guda uku. Kafin 1841 mai zane a mafitsarar alade yake ɗaure fentinsa, ya huda da ƙusa ya matso, sauran ya bushe ko ya fashe a jaka. A shekarar ne John Rand, Ba'amurke mazaunin Landan, ya yi rajistar ɗan bututun ƙarfe mai laushi, kakan wanda muke matse man goge baki daga ciki. Fenti ya samu fita daga ɗaki. A 1882 Étienne-Jules Marey na Faransa ya ƙera na'urar hoto mai ɗaukar hoto 12 a sakan ɗaya, ya auna ta ga tsuntsaye masu tashi, aka ga yadda fiffike ke lanƙwashewa a sama, abin da ido bai taɓa kamawa ba. Siffar bindiga gare ta, har da abin dafawa a kafaɗa. A 1894 kuma kamfanin Zeiss na Jamus ya fara sayar da madubin hangen nesa mai ido biyu irin wanda muka sani yau. Tsuntsu na can bisa reshensa, kai kana nan, ba wanda ya taɓa wani.

Tun kafin na biyu da na uku su iso, bututun kaɗai ya nuna abin da zai haifar. A hunturun 1868 zuwa 1869 Claude Monet na Faransa ya zana wani fili da ƙanƙara ta rufe a gabar Normandi: shinge, ƙofar kara, da wani tsuntsu baƙi da fari dangin hankaka a kan ƙofar. Tsuntsun 'yan shafe-shafe ne kawai. Sauran duk haske ne, kuma inuwar da ke kan ƙanƙarar shuɗiya ce, ba baƙa ko toka-toka yadda aka saba ba. Alƙalan babban baje kolin Paris na 1869 suka ƙi karɓar sa. Da na san wannan zanen kafin in je fadama, da na gane cewa farin balbela ba daga bututun farin fenti yake fitowa ba. Bayanta yana ɗauke da launin sama, cikinta yana ɗauke da launin ciyawar da take takawa.

Mutumin da ya haɗa duka, ya mai da zanen tsuntsu da fentin mai abin da yake a yau, Bruno Liljefors ne na ƙasar Suwidin, haihuwar Uppsala a 1860. Mahaifinsa albarushi yake sayarwa, shi kuma ya tashi maharbi, ga iya tsalle-tsalle da hawan itace. Yakan hau dogayen itatuwa ya zauna daidai da sheƙar gaggafa, yakan kwanta cikin ciyawa tun asuba yana jiran kajin daji su fito wasan neman aure. Bai bar tsohuwar hanya gaba ɗaya ba, yana harbi, yana rataye matacce a reshe don ya duba yadda haske ke sauka a kansa, yana kuma kiwon masu rai a gida. Bambancinsa shi ne bai yarda tsuntsu yana da iyaka da wurin da yake ba. A zanensa na 1884, shaho ya faɗo cikin garken kajin daji lokacin ƙanƙara, gashi na tashi, kowa na neman hanya, kai mai kallo kamar kana tsugune a cikin ciyawar. A wasu zanen nasa sai ka yi ta dube-dube kafin ka ga tsuntsun, don ya saje da ƙasa kamar yadda fakara ke sajewa da gona bayan girbi. Daga baya ya koma bakin teku, a 1908 ya sayi tsibirin Bullerö, ya yi ta zana agwagin teku suna hawa da sauka a kan igiyar ruwa da ketowar alfijir. A waɗannan ba ka iya cewa ga inda ruwa ya ƙare ga inda agwagwa ta fara, amma duk maharbin da ya kalla zai faɗa maka irinta da inda ta nufa. Ya rasu a 1939. Duk mai zana tsuntsu da mai a yau, ya sani ko bai sani ba, a inuwarsa yake zaune.

A Amurka wani ya ɗauki wannan tunani ya wuce gona da iri. Abbott Thayer ya lura cewa yawancin tsuntsaye bayansu duhu cikinsu fari, kuma hasken sama yana soke wannan bambanci har jikin ya baje ya ɓace wa mai farauta. Wannan gaskiya ce, masana sun karɓa. Sai ya ce ai kowane launi na ɓuya ne. Ya zana ɗawisu cikin kurmi a 1907 don ya nuna har shi ɓoyayye ne, littafin da ɗansa ya fitar a 1909 ya ce wani jan tsuntsu mai dogayen ƙafafu yana sajewa da jan sararin faɗuwar rana. Tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, wanda shi ma maharbi ne, ya zauna ya rubuta masa doguwar amsa. Mai zane yana iya ɓoye ko giwa a ƙyallensa in ya ga dama, tunda shi ke zaɓen abin da zai sa a bayanta.

Juyi na ƙarshe na zuciya ne, kuma a rayuwar mutum ɗaya ya fi fitowa. Peter Scott ɗan Kyaftin Scott ne, wanda ya mutu a 1912 a hanyar dawowa daga ƙuryar kudancin duniya, ya bar wasiyya a sa yaron ya so halittun daji. Yaron ya so su ta bakin bindiga. Yana saurayi yana kwana a taɓon bakin teku yana jiran dinyoyin daji, da rana ya zana abin da ya gani da fentin mai: garke yana ratsa sararin asuba, sama ta cinye kashi uku cikin huɗu na ƙyallen. Ya fara baje kolinsa a Landan a 1933, kwafin zanensa suka shiga gidajen Ingila birjik. Masu sharhin zane sun raina su, suka ce kayan adon falo ne, kuma ba duka suka yi ƙarya ba. Shi da kansa ya ba da labarin wata dinya da aka raunata ta faɗa can cikin taɓon da ba mai iya shiga, gari ya waye tana nan da rai. Bai ajiye bindiga a ranar ba, amma abin ya tsaya masa a rai, daga baya ya ajiye. A 1946 ya kafa mafakar tsuntsayen ruwa a Slimbridge, a 1961 yana cikin waɗanda suka kafa asusun kare namun daji na duniya. Abin da ya fi burge ni shi ne na 1964, da ya lura cewa wasu fararen tsuntsaye dangin dinya masu zuwa daga arewacin Rasha kowannensu da irin zanen baƙi da rawaya a bakinsa. Shi da iyalinsa suka riƙa zana fuskar kowanne ta taga, suna ba shi suna, suna gane shi in ya dawo baɗi. An tashi daga zana irin tsuntsu an koma zana wane.

A Amurka ma zane ya shiga aikin kariya ta wata hanya. Tun 1934 duk mai son harbin agwagwar daji sai ya sayi wani kan sarki na gwamnati mai hoton agwagwa, kusan duk kuɗin kuma a sayi fadamu da su a killace. Daga 1949 gasa ake yi don zaɓen hoton, ba a ba wanda ya ci ko sisi, sunan da zai yi ya ishe shi.

Yanzu tsuntsu ya tsira daga mai zane, amma zanen ya shiga wani tarkon. Kyamarar yau tana kama ƙudan da ke bakin tsattsewa tana cikin tashi. Mutum zai zauna da hoton a waya, ya buɗe shi da yatsu biyu, ya kwafe gashi ɗaya-ɗaya da buroshi mai silin gashi uku, ya yi wata biyu, masu kallo su ce kai, kamar hoto! Ni wannan yabon ba ya faranta mini. Tsuntsun da aka ƙirga wa gashi ya koma irin na Weenix, sai dai ba a rataye shi ba. Shi ya sa nake girmama Lars Jonsson, wani ɗan Suwidin ɗin, haihuwar 1952, mazaunin tsibirin Gotland, wanda ke zana tsuntsu ido ɗaya a madubin hangen nesa hannu a takarda, ya tsaya inda ganinsa ya tsaya. Abin da iska da nisa suka ɓoye masa ba ya ƙaga shi.

Akwai kuma inda fentin kansa yake gazawa. Shuɗin fiffiken tsanwaka ba rini ba ne. Ƙirar gashin ce, wasu 'yan ramuka da ido ba ya gani, ke watsa haske ta mayar da shuɗi kawai. Daka gashin a turmi, shuɗin ya tafi. Haka ƙyallin wuyan tattabara, da kan juya daga kore zuwa shunayya in ta karkata kai. Mai zane yana da garin launi ne kurum, wanda ba ya canzawa ko ta ina ka tsaya, don haka dole ya zaɓi karkata ɗaya ya bar sauran.

Ni dai yanzu ba na kai fentin mai fadama. Fensir nake ɗauka da madubi, in cika takarda da 'yan zane-zanen da ba su fi ƙiftawar ido ba, in rubuta launi a gefe, in dawo ɗaki in rufe taga saboda ƙura. Da daminar bara shamuwa biyu suka yi sheƙa a tsamiyar bayan gidanmu. Na yi makonni ina bin su da fensir, na fara ƙyallen da ruwa ya yi nisa, na shimfiɗa duhun baya da farin ciki, na jira ya bushe, na ɗora na biyu, na sake jira. Ranar da na fito in duba launin ƙafafunsu da na fatar fuska, sheƙar ba kowa. Ruwa ya ɗauke, sun yi kudu. Ƙyallen na nan a jingine, shamuwa biyu ba ƙafafu, sai hadarin farko ya dawo da su.